Jinyar Agali a Bayan Zana

Da sunan Allah, wanda ciwo da sauƙi duk a hannunsa suke. Na daɗe ina cewa zan rubuta yadda jinyar abokina Agali ta kasance, ina ta ɗagawa. Yanzu gwiwoyina sun fara gajiya, waɗanda suka ga abin sun ragu, kuma har yau ina ganin mutane na yin irin abin da muka yi, da zuciya ɗaya, suna zaton alheri suke yi. Duk mai majinyaci a hannunsa ya karanta a tsanake, musamman in ba ƙabilarsu ɗaya ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Mushe ake kiran malamin lakwal a wajenmu, don haka Mushe Habu ake ce mini a Tasawa har gobe, ko da yake na daɗe da ajiye alli. Agali kuwa Buzu ne, makiyayi, daga arewacin Isawan. Can aka fara tura ni aiki ina saurayi, ban san kowa ba. Shi ya riƙa kawo mini nono, in hutu ya zo ya ɗora ni bisa raƙuminsa ya kai ni Mayahi in samu mota. Ya girme ni da 'yan shekaru. Mutum ne mai ƙarancin magana, ni kuwa bakina ba ya hutawa, sai muka dace. Da aka maido ni Tasawa zumuncin bai yanke ba, duk ranar da ya kawo dabba kasuwa a zaurena yake sauka.

Abin ya faru ne shekarar da fari ya sake dawowa, zamanin mulkin soja. Gero bai kai gwiwa ba ya bushe. Mutanen arewa suka gangaro, wasu da sauran dabbobi, wasu da tabarma kawai. Bayan yunwa kuma ga tsoro. Ana ta raɗe-raɗin cewa samarin arewa na tsallakawa wata ƙasa ana ba su bindiga, kuma ba wanda ya tsaya ya bambanta saurayin da ya tsallaka da dattijon da shanunsa suka mutu. Duk Buzu ya zama abin zargi. Dama siyasar ƙasarmu tun can haka take, an kasa mu kamar rumfunan kasuwa: Bazabarme na mulki ne, Bahaushe na ciniki, Buzu kuwa an ce ba shi da ƙasa. Soja sun hana jam'iyyu, amma wannan ba su hana ta ba. Mu Hausawa da muke kukan ana raina mu a Yamai, mu ne kan gaba wajen raina wanda ya fi mu rauni. Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Wata safiya na fito zan tafi lakwal, na tarar da mutum zaune a zaure ya jingina da bango. Da ƙyar na gane shi. Dabbobinsa sun ƙare. Matarsa da 'ya'yansa sun bi 'yan'uwanta sun yi kudu da 'yan awakin da suka rage, shi tafiyar ta gagare shi, wani mai amalanke ya tausaya masa ya kawo shi daga Kanambakashe.

“Agali! Mi ya same ka haka?”

“Lahiya lau, Mushe. Ɗan tari ne.”

Ɗan tari! Tari ne mai fitowa daga can ƙasa, in ya fara sai ya dafe ƙirji da hannu biyu. Da rana ta yi sanyi zazzaɓi ya rufe shi, da safe kuwa rigarsa sharkaf da zufa ga shi ana sanyi.

Makon farko a gida muka yi. Kowa ya zama likita. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce sanyi ne ya shige shi, ta kawo saiwar da za a turara. Maiɗakina Rabi ta dafa kanwa da citta. Liman ya aiko da rubutu. Yayana Sale, ɗan kasuwa, shi shawararsa daban ce. Ya ja ni bayan gida ya rage murya.

“Habu, kai ma'aikacin gwamnati ne. Ka san zamanin da muke ciki. Ka ba shi abin da Allah ya hore maka, ya bi danginsa.”

“Da wace ƙafa, Yaya? Ko kai za ka goya shi?”

“Ni dai na faɗa maka. In aka zo ɗaukarka kar ka ce ban faɗa ba.”

Na ce masa ya faɗa, na ji, Allah ya ba da lada. Muka yi kwanaki ba ma gaisawa sosai.

A mako na biyu Rabi ta ga jini a ƙasar da take sharewa a zaure. Ranar ban je lakwal ba, na ɗauke shi sai gidan likita. Layin shekarar nan ba a magana. Mata da yara masu ƙyanda, tsofaffi masu kumburin ƙafa, kowa a zube gindin bedi, wato itacen dogon yaro, tun asuba. Inda muka zauna sai da aka ba mu fili, ban sani ba tarin ake gudu ko mai tarin. Rana ta take kafin mu shiga.

Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, wani Bazabarme ne gajere mai faɗa, Hausarsa duk a karkace. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Bai tambayi takardar kowa ba, ƙirjin kawai ya saurara. Ya miƙa wa Agali wani ɗan gwangwani ya ce ya yi kaki a ciki. Agali ya riƙe gwangwanin yana kallon ƙasa. Majo ya daka tsawa. Sai ya tashi da ƙyar, ya zagaya can bayan ginin inda ba kowa, ya daɗe, sannan ya dawo da shi a rufe. Ni har dariya na yi, na ce wannan sarauta taka ta yi yawa.

Sakamako ya fito, babban tari ne, wato tarin fuka. Aka ba shi wani ɗan ɗaki can baya, shi kaɗai. Allura kullum, ga ƙwayoyi. Majo ya nuna ni da yatsa ya ce da Faransanci, “Il faut manger.” Dole ya ci abinci. Ya ƙara da Hausarsa: “Magani ba aiki cikin ciki wofi. In bai ci ba, allura banza.” Wannan maganar ta zauna mini.

To, ci a shekarar da ba abinci. Duk ranar kasuwa tiyar gero sai ta ƙara tsada. Albashi ba ya kai tsakiyar wata. Rabi ta sayar da ragon da take kiwo ba tare da na roƙe ta ba, sai gani na yi igiyar na rataye. Yaranmu suka koma cin jar dawar taimako, geron ya zama na Agali. Wata mata daga wajen Baudeta da akuyarta ba ta ƙafe ba ta riƙa kawo mana nono. Ban da abin da zan saka wa Rabi da shi, sai addu'a.

Abin da ya fi cin raina kuwa ɗakin ne. Ina lakwal da rana, in na taso na je in tarar da shi kwance shi kaɗai, ba ko takalmi ɗaya a bakin ƙofa. Ku da kuke Hausawa kun san abin da wannan ke nufi. A wurinmu majinyacin da ba a zuwa dubiyarsa kamar an yi jana'izarsa ne da rai. Sauran ɗakunan kuwa cike, ana ta “sannu, ya jiki, Allah ya sawwaƙe.” Mutumin nan shekara da shekaru yana sauka a unguwarmu. Waye bai sayi rago da sauƙi a hannunsa ba? Waye bai sha shayinsa ba a zaurena?

Ranar nan bayan sallar la'asar, liman bai gama shafa addu'a ba na miƙe.

“Jama'a, ku dakata, ina da tambaya. A wane littafi aka ce dubiya ta Bahaushe ce kawai? Agali na kwance yana aman jini, ko karen unguwar nan bai leƙa shi ba. Da Buzu da Bahaushe alƙibla ɗaya muke kallo ko biyu? In soja kuke tsoro ku faɗa, mu san wanda kuke bauta wa!”

Wani ya ce, “Haba Mushe, a yi a hankali, bango na da kunne.” Liman, dattijo ne mai furfura har ƙirji, ya sunkuyar da kai. Can ya ce, “Mushe ya yi gaskiya, ko da yake ya faɗe ta da zafi. Gobe ni zan fara zuwa.”

Ya kuwa je, kuma da liman ya je kowa ya bi. Kunya ta yi aikinta. Na tsara abin kamar yadda nake tsara aji: dattawa da hantsi, liman da mutanensa bayan azahar, ni daga la'asar har wayewar gari. Ɗakin bai sake zama ba kowa ba. Na ji daɗi ƙwarai, ina tafiya ina jin na gyara unguwa.

Sai dai Agali ba ya ci.

Rabi za ta aiko da fura da hantsi, dattawa su ajiye masa a gaba su ce, “Bisimilla, daure ka sha.” Ya ce ya gode, sai an jima. Da rana tuwo, liman da kansa ya buɗe kwanon ya tura masa. Ya ce ya ƙoshi. In na zo da yamma in zauna gabansa in zuba masa ido, ya juya wajen bango ya kurɓi ludayi ɗaya ko biyu ya ajiye. Abincin kuwa ba ya kwana, don a bakin ƙofar gidan likita akwai masu jiran abin da ya rage, kuma ba mai imanin da zai bar tuwo ya lalace a shekarar nan. Sai a fitar a yi sadaka da shi.

Mako ya bi mako yana ƙara zubewa. Wuyan hannunsa ya koma kamar na yaro. Ya daina iya zama sai an tallafe shi. Wurin allurar ma ya ƙare, Majo na neman tsoka yana rasawa. Masu shawara suka dawo. Wani ya ce ciwon ne ke kashe cin abinci. Wani ya ce an yi masa sammu. Sale, da ya fara zuwa saboda idon mutane, ya ce, “Girman kai ne. Su fa ba su ɗauki abincin Bahaushe a bakin komai ba, bayi suke ganinmu.” Wani kuma ya ce cikinsu nonon raƙumi kawai ya sani. Na bi wannan, na sha wahala na samo nonon raƙumi a wajen wasu baƙi a bayan gari. Shi ma haka ya yi tsami a gabansa.

Majo ya tare ni a hanya. “Mushe, me na ce maka? Mutuminka zai mutu, ba tari zai kashe shi ba, yunwa.”

Na shiga ɗakin raina a ɓace, ban damu da waɗanda ke zaune ba.

“Agali, mi na yi maka? Yarana na cin jar dawa don kai ka ci gero! Ka zo ka mutu a hannuna ne don a ce na kasa? In abincin gidana ne ba ka so, faɗa mini!”

Ya dube ni, idanun nan sun faɗa can ciki. Ya dubi dattawan da ke zaune. Ya ce, “Yi haƙuri, Mushe.” Na fita waje na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ashe taron da na haɗa ya kai kunnen da bai kamata ba. A zamanin nan mutum biyar su zauna wuri ɗaya abin tambaya ne, balle unguwa guda tana sintiri a ɗakin Buzu. Wata safiya, ranar da ba lakwal, wasu jandarmomi biyu suka zo. Suka leƙa ɗakin, suka tambayi wanda ya kawo shi, suka ce in biyo su. Kafin mu kai ƙofa dattawan sun watse, wani har ya bar sandarsa.

Ba a taɓa ni ba, gaskiya ita ce gaskiya. An dai zaunar da ni bisa benci wuni guda. Tambaya ɗaya ake juyawa: mi ya haɗa ma'aikacin gwamnati da Buzu? Na ce nono da raƙumi. Su wa ke zuwa wurinsa? Na ce limamin unguwa da tsofaffi marasa haƙori, in da su za a yi juyin mulki to ƙasa ta huta. Babbansu bai yi dariya ba. Ya ce in riƙe bakina in ina son aikina. Dab da magariba aka sake ni.

Na nufi gidan likita ina tafasa. Ba kowa a bakin ƙofa, kamar yadda na zata. Rabi ta kawo abinci da kanta tun da rana, ta ajiye daga bakin ƙofa ta koma. Na shiga ina zagin matsorata, sai na yi tuntuɓe da kwano. Wayam. Ƙwaryar furar ma wayam, har an kife ta.

“Wa ya shigo ya kwashe maka abinci?”

“Ba kowa.”

“To ina ya tahi?”

Can ya ce, “Ni na ci.”

Na zauna a ƙasa. Na ce ya yi mini bayani don girman Allah, kaina ya ɗaure. Ya gyara rawaninsa, ya ja shi sama har gindin ido, kamar yadda yake yi in zai faɗi abu mai nauyi.

“Mushe, mu namiji ba ya buɗe bakinsa gaban manya. Ba ya tauna gaban baƙo. Da lahiyata ina iya sa cokali ta ƙarƙashi in ci gabanka, kai abokina ne. Amma yanzu in na haɗiya tari ke tashi, dole in sauke rawani in tofar. Gaban liman? Gaban masu furfura? Gara in haƙura.”

“Ka haƙura ka mutu?”

“Da na mutu da mutuncina.”

“To mi ya hana ka faɗa mini?”

“Ka tashi cikin masallaci saboda ni. Mutane sun taka tsoronsu sun zo. In ce su koma don in ci tuwo?”

Kai! Ban taɓa jin abin da na ji ranar ba. Na yi ta lissafin shekarun da muka yi tare, na rasa rana ɗaya da na ga haƙoransa. A rugarsu in na je, ajiye mini akushi ake yi kowa ya ba ni wuri, ina zaton karramawa ce kawai ta baƙo. A zaurena kuwa kullum cewa yake a bar masa abincin sai an jima. Unguwa guda, da limaminta da mushenta, ba wanda ya taɓa tambayar kansa dalili. Masu ƙinsa sun ce girman kai ne, mu masu sonsa muka ce ciwo ne, duk cikinmu ba wanda ya san shi.

Washegari na sayo zana na kafa a bakin ɗakin. In abinci ya zo in ajiye masa, in fito in zauna a bayan zanar in ba ƙofa baya. Ina jin ƙarar ludayi, ina jin tarin, ina jin ya tofar, ba na motsi sai ya ce, “Shigo, Mushe.” Masu dubiya ba sai na kore su ba, jandarma sun riga sun yi mini wannan aikin. Har aka riƙa cewa a gari Mushe ma ya ji tsoro, ga shi can ya daina shiga wurin Buzunsa. Na bar su da bakinsu. Liman kaɗai ya dawo. Da na yi masa bayani ya riƙe gemu ya ce, “Subhanallahi, ashe azaba muke ba bawan Allah.” Daga ranar daga bayan zana yake tsayawa ya yi gaisuwa da addu'a ya juya.

Sauƙi ya fara samuwa. Zazzaɓin ya ragu. Ya fara zama da kansa, daga baya ya riƙa takawa zuwa gindin bedi, har wata rana ya sa na kawo gawayi ya dafa mana shayi, yana yi mini tsiya wai shayin Bahaushe ruwan wanke butoci ne. Na fara maganar yadda za a aika kudu a nemo iyalinsa. Majo dai bai saki fuska ba. Ya ce mini, “Yana ci, madalla. Amma huhu ɗaya ya riga ya tafi. Makonnin da ya yi ba ci, ciwo bai jira ba.”

Maganarsa ta tabbata. Wata ranar Laraba bayan azahar, ya gama cin abinci ke nan, na ji tarin ya canza. Na jira ya kira ni, bai kira ba. Da na shiga jini ya jiƙa tabarma, ya juya wajen bango, hannunsa riƙe da rawanin a kan fuskarsa. Kafin Majo ya iso Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina godiya ga Majo, da Rabi, da matar Baudeta, da liman. Waɗanda suka gudu na yafe musu, tsoro ba ƙarya ba ne a zamanin nan. Waɗanda suka mai da ƙabila guda abin zargi don kujerarsu ta zauna kuwa, tsakanina da su sai Allah, don su suka sa muka zauna da mutane shekara da shekaru ba mu ga sun isa a tambayi al'adarsu ba. Kai kuma mai jinya, kar ka ce abin da zai yi maka daɗi shi zai yi wa majinyacinka. Ka fitar da kowa, ka rufe ƙofa, ka tambaye shi. In ba ya ci, ka gwada ba shi wuri kafin ka nemo masa wani magani.

Ba shi da ɗan'uwa a kusa, don haka ni da liman muka yi masa wanka a gidana. Muka rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa kamar yadda ake yi wa kowa. Da aka zo alwala liman ya kai hannu zai warware abin da ya rage a fuskarsa. Na riƙe hannunsa.

“Malam, nan ma a bi ta ƙarƙashi.”

Ya dube ni. Bai yi musu ba. Ya ɗauko wani farin ƙyalle ya shimfiɗa a kan fuskar tun daga hanci, sannan muka zare rawanin a hankali. Liman ya kau da kansa gefe. Na naɗe yatsana da tsumma, na sa hannu ta ƙarƙashin ƙyallen na wanke masa baki.

Bayan shekaru, babban ɗansa ya zo Tasawa yana neman kabarin. Yana ƙarami suka rabu, ya ce ba ya iya tuna fuskar ubansa, in kwatanta masa. Na ce masa idanunsa na sani, da muryarsa. Sauran bai nuna mini ba, ni kuma ban duba ba.